Ɗalibin mastar, wa ke yanke kuɗin tiyar hatsi a Gazawa?

Duk lokacin hutu, idan ɗalibanmu suka dawo gida daga Yamai ko Tawa ko Zariya, akwai tambayar da ke jiransu a gindin bedi bayan la'asar. Wanda ke karatun likita ba ya shan wahalar amsa ta, nan take ma za a miƙo masa yaro mai zazzaɓi. Amma wanda ya ce yana mastar kan siyasar tattalin arzikin ƙasa da ƙasa, sai ka ga kawunsa ya gyara zama ya ce: "To madalla ɗana. Tunda kai arzikin duniya kake karatu, hwaɗa mini. Dommi waken da na saida da kaka bai maida kuɗɗin taki ba? Kuma dommi hatsin da ni na noma da hannuna nike sayen shi da bazara ninki biyu?" Sau da yawa yaron yakan yi murmushi ya ce: "Kawu, abin da muke karantawa ya hi haka zurhi."

Mu dai wannan amsa ba ta gamsar da mu ba. A duk fannin nan babu tambayar da ta fi ta kawun zurfi. Ita ce ma ainihin tambayar da aka kafa fannin a kanta.

A 1970 wata malama ƴar Ingila, Susan Strange, ta yi rubutu tana ƙorafin cewa masana tattalin arziki da masana hulɗar ƙasashe sun juya wa juna baya. Na farko suna lissafin farashi kamar babu gwamnati babu bindiga a duniya, na biyu suna zancen yaƙi da sulhu kamar ba a cin tuwo. Daga irin wannan ƙorafi ne fannin ya tsiro a jami'o'i. Tambayar da Strange ta riƙa nanata wa ɗalibanta gajera ce: a wannan tsari, wa ke cin riba? A 1988 ta ƙara da cewa babban iko a duniya shi ne ikon shata filin da kowa zai yi wasa a ciki, kuma ta ce a neme shi a wurare huɗu: wa ke riƙe da tsaro, wa ke yanke abin da za a noma ko a ƙera, wa ke ba da bashi, wa ke riƙe da sani. A aji ana koyar da manyan mazhabobi uku. Akwai masu cewa a sakar wa kasuwa mara, ita za ta daidaita kanta. Akwai masu cewa ƙasa ce farko, kasuwa baiwarta ce. Sannan akwai magadan Karl Marx da masu ra'in dogaro, da ke cewa an gina duniya da cibiya da gefe, arzikin gefe yana kwarara zuwa cibiya. Ɗalibi yakan haddace su, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci. Abin da ba a cika sa shi ya yi ba shi ne ya ɗauko kowace ya aza ta kan hanyar da ta tashi daga Gidan Rumji ta bi Maraɗi da Caduwa da Agye ta kai Gazawa, ya ga wadda za ta iya ɗaukar kaya da wadda za ta durƙushe.

Bari mu gwada, mu fara da gujiya.

David Ricardo, a 1817, ya ce kowace ƙasa ta tsaya kan abin da ya fi mata sauƙin samarwa, ta sayi saura a waje, kowa zai amfana. Misalinsa tufafin Ingila ne da giyar Fotugal. Idan ka karanta shi kana Yamai, sai ka ce ai shi ke nan, ƙasar Maraɗi jigawa ce mai son gujiya, shi ya sa kakanninmu suka rungume ta. To amma tambayi duk tsohon da ya ga zamanin. Lanho, wato harajin kai, da kuɗin Faransa ake biyan shi, ba da damin hatsi ba. Hanyar samun kuɗin kuwa ita ce ka kai gujiya ma'auni, inda kamfanoni irin su CFAO da SCOA da dillalansu ke jira, su ne masu sikeli, su ne masu yanka farashi, su ne kuma masu kantin da za ka mayar da kuɗin ka sayi atamfa da gishiri. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Samir Amin, masanin Masar da ya shugabanci cibiyar IDEP a Dakar daga 1970 zuwa 1980, ya raba Afirkar mulkin mallaka gida uku a wani rubutu na 1972, ya sa irin yankinmu a gidan da ba a ƙwace gonar manomi ba, an bar masa ita, sai aka kama shi ta wajen ciniki da haraji. A nan Amin ya fi Ricardo ganin abin da ya faru, kuma ba ma jin akwai mai musu.

Akwai wani labarin da ya kamata kowane ɗalibin fannin nan ɗan jihar Maraɗi ya sani kamar sunansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, Kano kuwa ga ta nan a bakin hancinmu, don haka gujiyarmu ta can take bi zuwa Legas. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle: manyan motoci su kwaso kaya daga Paraku a Dahomey, su koma da gujiya, tafiyar kusan kilomita dubu kafin a kai ga jirgin da zai sauke ta Kwatano. Hanya ta fi nisa, ta fi tsada, sai an tallafa mata. Me ya sa? Don kada kayan ƙasar Faransa su dogara da layin dogo da tashar ruwan Ingila. Babu lissafin kasuwa da zai fitar maka da wannan hanya. Lissafin mulki ne. Wanda ya fahimci Hirondelle ba zai yi mamakin abin da ya faru daga 2023 ba, lokacin da gadar Malanville ta rufe, kayan Nijar suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, kowane buhun shinkafa ya iso Agye ɗauke da kuɗin zagayen a kansa.

Sai dai labarin gujiya bai ƙare da tafiyar Turawa ba, kuma nan ne masu son ɗora komai kan Faransa ke yin shiru. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta ba ta ikon fitar da gujiya ita kaɗai. Sikelin ya koma hannun ƴan ƙasa, amma tazarar da ke tsakanin abin da ake biyan manomi da abin da ake saidawa a waje ba ta koma aljihun manomi ba, da ita aka riƙa tafiyar da gwamnati a Yamai. A ƙarshen shekarun 1960 Faransa ta daina sayen gujiyarmu da farashin alfarma saboda dokokin kasuwar Turai da ta shiga. Fari na 1973 da 1974 ya zo, cutar gujiya ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Gwamnati ta samu uraniyom ta juya fuska arewa, manomin Gazawa ya koma wake da aya, mai sayensa kuma ya zama Bakano da Bakatsine. Tun daga ranar, cibiyar da Maraɗi ke kallo ba Marseille ba ce, kasuwar Dawanau ce.

Yanzu 2005. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna yara a lokacin, wasu ma a goye aka kai su cibiyoyin tamowa. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta yi ɓarna a arewa, amma giɓin hatsin ƙasa bai kai girman bala'in da ya biyo baya ba. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne inda yunwar ta fi cizo: jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, inda kasuwanni ke cike da buhuna. Buhun hatsi da aka saida wajen jika goma da kaka ya doshi jika talatin a watan Yuli. A shekarar farashi ya hau a arewacin Najeriya, hatsin da ya saba shigo mana daga can bai shigo ba, namu ma can ya nufa, Burkina da Mali kuma suka tare nasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jiharmu.

Me gwamnati da masu ba ta tallafi suka yi? Tun shekarun 1980, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya, an rage wa OPVN ƙarfi, an ce ƴan kasuwa za su wadata ƙasa. Don haka aka daɗe ana cewa rabon abinci kyauta zai ɓata kasuwa, a dai saida da rahusa. Mutumin da ya riga ya saida akuyarsa da gonarsa, rahusar me za ka yi masa? Sai a watan Agusta aka fara rabo gadan-gadan. A farkon wannan shekarar dai aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta, don cika alkawarin ƙara kuɗin shiga da aka yi wa FMI. Jama'a suka fito a watan Maris, aka rufe kasuwanni, aka kama jagororin haɗin gwiwar yaƙi da tsadar rayuwa, kafin a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya kan wasu kayan.

Wanda ya karanta Amartya Sen ba zai ruɗe da wannan ba. Tun 1981 ya nuna, da misalin Bengal ta 1943 da kuma Sahel ɗinmu na shekarun 1970, cewa mutane na iya mutuwa da yunwa abinci na jibge a kasuwa, idan abin da suke da shi, ƙwadago ko bisa ko wake, ya daina isa ya sayo tiya. Michael Watts ya zauna a Kaita, nan ƙetaren iyaka a ƙasar Katsina, ya fitar da littafi a 1983 kan yadda haraji da noman sayarwa suka cinye dabarun da Bahaushe ke tsira da su a shekarar fari. Ga ra'o'i da suka yi aiki. Amma ko su ba su gama zancen ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun shiga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji bayan rikicin, suka ji daga bakin mutane, sai ga abubuwan da lissafin farashi ba ya nunawa: gonaki sun tsuke, magidanta da yawa ko a shekarar albarka hatsinsu ba ya kai su damana, kuɗin ƴan ci-rani ne ke riƙe gidaje, tamowar yara kuma kowace shekara tana nan, 2005 kyamara ce kawai ta zo. Marthe Diarra da Marie Monimart sun riga sun rubuta a 2004 cewa a kudancin Maraɗi ƙarancin ƙasa na fitar da mata daga noma, gamanar da mace ke samu tana ɓacewa. Uwar da ba ta da gamana ba ta da rumbunta, yaron da ke bayanta shi ke fara gani a jikinsa. Wace mazhaba cikin ukun nan ta aji ta tanadi wuri don gamana?

Nan za mu juyo kan kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A shekarun nan kalmomin ra'in dogaro sun fito daga littafi sun hau bakin kowa. Mulkin mallaka sabon salo, ƴancin kai, kuɗin bayi. Mun ji daɗin haka, gwamma a yi gardama kan sefa da a yi shiru. Kuma ƙorafin yana da tushe. An ƙirƙiri kuɗin ne a ranar 26 ga Disamba 1945 da dokar Faransa. A watan Janairu 1994 aka taru a Dakar aka raba darajarsa biyu cikin dare ɗaya, ba a tambayi mai saida ƙuli-ƙuli a Tsibiri ba. Yau yana ɗaure da yuro a kan 655.957. Amma ɗalibin mastar da zai tsaya nan, ya maimaita abin da ake faɗa a dandali da Faransanci mai kyau, bai ƙara mana komai ba. Je ka kasuwar Gazawa da safe ka ga abin da ɗan kasuwa ke fara tambaya a waya. Ba yuro ba ne. Nawa naira ta kwana? Idan naira ta faɗi, taliya da siminti da robobin Kano sun yi mana araha, amma ragonmu da wakenmu sun yi wa Bakano tsada, sai ya rage saye ko ya karya farashi. Haka aka gani bayan 1986 lokacin da Babangida ya saki naira, duk da gargaɗin malaman Zariya irin su marigayi Yusufu Bala Usman. Haka aka sake gani daga watan Yuni 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin wata takwas. Kuɗinmu na ɗaure da Turai, cinikinmu na ɗaure da Najeriya, manomi na tsakiya ana ja. Wannan matsala ce da aka yi rubutu a kanta ƙalilan idan aka kwatanta da tulin da aka yi kan Baitulmalin Faransa.

Dubi 2023 ɗin gaba ɗaya. Ranar 29 ga Mayu Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Jumla ɗaya a Abuja, sai ga ƴan ruwa-ruwa na bakin titi daga Ɗan Isa har Agye suna sake lissafi, ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai injin ban ruwa ya rage awa. Shekara da shekaru gwamnatin Najeriya na tallafa wa man da muke sha ba tare da ta yi niyya ba, mu ma ba mu taɓa sa shi a lissafin ƙasa ba. Ranar 30 ga Yuli CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulki, aka rufe iyaka, aka riƙe kuɗin gwamnati a babban bankin BCEAO, aka yanke wuta. Layin da ke kawo wa Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina yake tasowa, a Gazawa yake sauka ya rabu. Wato abin da Susan Strange ke nufi da ikon shata fili yana nan tsaye da turakunsa a bayan gari, kowa na wucewa ta gabansa da amalanke. Waɗanda suka kashe makunnin maƙwabta ne, ƴan'uwa, masu salla ɗaya da mu. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar ta buɗe a watan Maris. Kafin wannan an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, duk biyun Buhari ne ya rufe ta. Ra'in cibiya da gefe, yadda ake haddace shi, yana da Paris da Washington a sama da Afirka a ƙasa. Ba shi da bene na tsakiya inda Abuja ke zaune a kanmu, balle ɗakin da Yamai ke zaune a kan Gangara.

Mazhabar "ƙasa farko" fa? Ita ce ke tashe yanzu, daga Washington har Yamai. Uban tafiyar, Friedrich List, ya rubuta a 1841 cewa ƙasar da ke baya sai ta kare jaririyar masana'antarta da haraji har ta yi ƙwari, kuma ya zargi Ingila da ture tsanin da ta hau. Ha-Joon Chang na Koriya ta Kudu ya farfaɗo da zancen a 2002 da hujjojin tarihi masu ƙarfi. Mun yarda da su a kan abu da yawa. Amma daga Maraɗi abin yana da wata fuska mai ban dariya: duk katangar da Najeriya ta gina don kare masana'antunta, ita ce ta zama kasuwar alhazanmu. Ta hana shigo da atamfa ko taba ko shinkafa, sai kayan su sauka Kwatano, su hau mota zuwa Maraɗi, su tsallaka da dare, gwamnatinmu ta karɓi harajin wucewa. Emmanuel Grégoire ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi. Dukiya ta taru, an gina benaye da masallatai, amma masana'anta nawa ta haifa?

A watan Oktoba 2024 hukumomi suka hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina. Niyyar a fili take, kuma wanda ya ga 2005 ba zai yi mata dariya ba: kada rumbu ya tsiyaye zuwa ƙetare a bar mu da tsada. Ma'aikaci a birni ya ji sauƙi. Talakan ƙauye mai sayen tiya da bazara shi ma ya ji. To amma wake fa? Manomin Agye ba don tukunyarsa kaɗai yake shuka wake ba, shi ne kuɗinsa, da shi yake biyan bashi, ya yi wa yara tufafi, ya sayi hatsin da gonarsa ta kasa ba shi. Babban mai sayen waken nan kuwa yana kudu, ba Bamako ko Wagadugu ba. Idan ka toshe wannan ƙofa, ka rage kuɗin tiyar da zai saya, ka kuma rage kuɗin da zai saye ta da shi. A ganinmu zuba wake cikin kwando ɗaya da hatsi bai dace ba, kuma List da kansa masana'anta ya ce a kare, bai ce a rufe wa manomi kasuwa ba. Wataƙila mun yi kuskure. Abin da zai raba gardamar shi ne lissafi, gida gida: nawa aka samu a sauƙin hatsi, nawa aka rasa a faɗuwar wake, nawa ya tafi a cin hancin hanyoyin daji, kuma a aljihun wa ya faɗa. Wannan aikin ɗan mastar ne. Wata shida da littafin rubutu da babur ya isa a fara.

Maimakon haka, me muke gani a kundayen kammala karatu? Take mai faɗin sama, irin "tasirin dunƙulewar duniya kan ci gaban Afirka". Babi na farko ra'o'i goma a jere kamar raguna a turke, babu wanda aka yanka. Babi na uku alƙaluman Bankin Duniya da aka sauke daga intanet, waɗanda ba su san buhu nawa ya bi ta bayan gari a kan babur ba, alhali a yankinmu wannan shi ne cinikin. Ba duka laifin ɗalibai ba ne. Kuɗin tallafin karatu ba ya zuwa kan kari, zuwa ƙauye bincike da aljihunka ne, malami ɗaya na duba kundi ashirin, littattafan fannin kuma yawancinsu da Turancin Ingilishi suke, ɗanmu da Faransanci ya tashi. Akwai kuma tsoro, kada mu ɓoye: tambayar wa ke cin riba ba ta da daɗin ji a kunnen mai riba, ko yana sanye da kaki ko babbar riga. Ɗaliban da suka hau gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna adawa da tsarin tsuke ilimi da aka shirya da Bankin Duniya, uku daga cikinsu ba su koma gida ba. Fannin nan a ƙasar nan ba a kan allo aka fara shi ba.

Kuma kayan aiki suna nan. Hukumar SIMA ta fi shekara talatin tana tattara farashin kasuwanninmu. Da irin waɗannan alƙaluma wata Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta nuna a 2010 cewa shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Aiki ne mai kyau, ana karanta shi a manyan jami'o'in duniya. Ba mu jin haushinta, ta zo ta zauna ta yi. Muna dai tambaya: ɗan Caduwa da ya san dillalan da sunayensu, ya san wanda ke ba da bashi da damana a biya shi da buhu da kaka, me ya hana shi?

Batutuwan ma ba sai an nemo su da fitila ba. Ayar da ake haƙa a Agye da Gazawa, mata na shan ƙura wajen tankaɗe ta, wani kasonta yana ƙarewa a Sifaniya inda ake yin wani abin sha da ita kamar kunun ayarmu. Wa ya taɓa bin buhu ɗaya daga gona zuwa kwalba ya gaya mana rabon kowa? Alƙaluman kwastan na Sin sun sa Nijar a sahun gaba na masu kai mata riɗi, Sin kuwa ta yafe haraji ga kayan ƙasashe matalauta irin tamu. Nawa ne cikin riɗin nan aka noma a gonakinmu, nawa ne ya tsallako daga kudu don ya samu takardarmu? Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal: idan ya iso, wa zai ci, wa zai rasa, mai gingimari ko mai rumbu? Dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallako Gidan Rumji tun 2019, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, me zuwansu ya yi wa kuɗin ƙwadago da hayar gona, kuma shanun da ake sacewa a wace kasuwa suke fitowa? Har sassaben zamani, da ya mayar da itatuwa a miliyoyin eka na Maraɗi da Damagaram, wanda baƙi ke zuwa Ɗan Saga gani: ya bunƙasa ne a daidai lokacin da gwamnati ta talauce, ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya fara jin cewa gawon da ke gonarsa nasa ne. Mai son kasuwa zai ce hujjarsa ce, mai son aikin gayya zai ce tasa ce. A je a duba.

Ga malamai, roƙonmu kada a karɓi kundin da bai taka ƙasa ba, kuma a sa Amin da Bala Usman da Grégoire da aikin LASDEL a jerin karatu kusa da na Amurka da Ingila. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan Maraɗi tun 2010 da masana noma da suka san gonakin nan ciki da bai, ɗalibin siyasar tattalin arziki da ya haɗa kai da su zai rage rabin wahalarsa. Ga majalisun gundumomi da ƙungiyoyin manoma, kuɗin man babur na ɗalibi ɗaya bai kai abin da ake kashewa a buɗe taron bita guda ba.

Ku kuma ɗalibai, in an gama a dawo da sakamakon gida, da Hausa, a rediyon gari ko a gindin bedin nan, gaban mutanen da aka yi wa tambayoyi, don su ne za su iya ce maka nan ka yi daidai, nan kuma dillali ya yi maka ƙarya. Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Daga wannan kaka, duk ranar kasuwar garinku a samu wanda zai rubuta abu biyar: kuɗin tiyar hatsi, kuɗin tiyar wake, canjin naira, kuɗin litar mai a bakin titi, da garin da manyan masu saye suka fito. A ci gaba har ruwa ya sauka. Wanda ya yi na Agye ya haɗa da na Gazawa da na Tsibiri, a turo mana, za mu buga a nan kowane wata yadda aka rubuto shi.